Aikin da Yaya Ya Hana Ni Rubutawa

Daga Allah muka fito, kuma kowa a cikinmu kan hanyar komawa yake. Yayanmu ya riga mu isa wata ranar Asabar, ana shirin kiran La'asar, a ɗakinsa, matarsa na riƙe da hannunsa. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana tara ya yi yana cewa jikinsa ya yi nauyi, a na goman Allah Ya karɓi abinsa.

Kwana uku muka yi bisa tabarmi a ƙofar gida, cikin zafin bazara, muna jan tabarmin duk inda inuwar darbejiya ta juya. Limamin unguwa ya ce shekara da shekaru Yaya na sahun gaba, bai taɓa ganin tabo a rigarsa ba. Wata tsohuwa da ta yi aikin shara a asibiti tare da shi ta taso tun daga Zungur, ta shiga gida da kuka. Mata suka yi ta ba ta baki, ta ce su ƙyale ta, ai su suna da sauran masu tambayar lafiyarsu. Tsofaffin abokan aikinsa kuwa gefe guda suka tattaru. Ba a gama shafa fatiha ba suka koma zancen fansho. Na ji ɗaya yana cewa, "Shi dai ya huta da layin tantancewa." Suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, suka yi istigfari.

Autanmu, wanda ke sayar da yadi a kasuwar Wunti, ya rufe rumfarsa kwana ukun nan cur, abin da bai yi ba ko da mahaifinmu ya rasu. Can ƙarshen tabarma ya zauna. In an yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai kawai.

Ni kuma na zauna ina amsa "ya haƙuri", ina sauraron ko wani zai ambaci babban aikin da Yaya ya yi a duniya. An yabi tsabtarsa, an yabi haƙurinsa, an yabi zumuncinsa. Wancan aikin ba wanda ya ambata, domin shi ya ɓoye shi, ni kuma na taya shi ɓoyewa. Yanzu da riya ba za ta iya kai masa ba, zan faɗa, kuma zan faɗi abin da ɓoyewar ta jawo.

Yaya mai wanki ne. Sama da shekara talatin ya yi a sashen wanki na wani asibitin gwamnati a garin nan, har ya zama shi ne babba a kan masu wankin. Duk wanda ya yi musabaha da shi ba ya manta hannun: tafin ya yi fari ya tattare saboda ruwa da sabulu, bayan hannun kuma duk tabon dutsen guga. Ba ya yarda zani ya fita da idonsa kaɗai, sai ya kai shi hanci. Yakan ce ido ana iya ruɗinsa da bula, hanci ba ya karɓar bula. In aka kawo masa magana da zafi, ko faɗan 'ya'ya ko rigimar gado, amsarsa ɗaya ce: "A shanya tukuna." Nufinsa a bar ta ta kwana biyu. Matarsa takan ce da gidan zai kama da wuta, sai ya ce a shanya.

Yadda aikin ya faro, shi da bakinsa ya ba ni labari. A farkon shekarunsa, wata rana yana shanya a bayan asibiti, sai motar duba-gari ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiye gawa. Ashe akwai mutanen da ke mutuwa a asibiti ba wanda ya san su: wanda ya faɗi a tasha, wanda mota ta buge a hanya, wanda ya zo jinya daga nesa danginsa suka gaji suka tafi. In sun daɗe ba a zo nema ba, sai a kwashe su a kai su rami ɗaya. Ya ce abin da ya gani ƙafafu ne, ba komai a kansu. Ɗaya duk faso ne, irin ƙafar mahaifinmu bayan girbi. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba.

Kashegari ya je wurin shugabar ma'aikatan jinya ya tambayi abin da ake yi da zannuwan gado in sun tsufa. Ta ce ƙonewa ake yi, ko a yayyaga a yi tsumma. Ya ce a bar masa fararen. Ta dube shi, ta ce, "Ni ban ji ba, ban kuma gani ba." Daga nan ya riƙa ware su, ya dafa su a ganga sau uku, ya shanya, ya goge, ya ninke a wani akwati a bayan ɗakin guga.

Ba zai iya shi kaɗai ba. Mai kula da ɗakin gawar wani Kirista ne daga Bogoro, wanda Yaya ya girme da shekaru, dogo, mai dariya da ƙarfi. Su biyun suka yi shiri. Baƙi suke kiran irin waɗannan mamatan. In baƙo ya kusa cika kwanakinsa a ɗakin gawa, Mutumin Bogoro zai duba goshi, ya duba aljihu. In ya ga tabon sallah, ko carbi, ko laya, sai ya leƙa sashen wanki. In ya ga alamar nasu ne, ya kira mutanen cocinsu. In ba a gane ba, sai su yi shawara, kowa ya yi iyakar saninsa. Yaya zai yi wa mamacin wanka, ya yi masa sutura, ya tsayar da masu wanki uku ko huɗu da direban asibiti a yi masa sallah, a kai shi maƙabarta. In mace ce, matar Yaya da tsohuwar nan ta Zungur ke shiga. Duk wannan bayan an tashi aiki ne, tsakanin La'asar da Magariba.

Na sha tarar da su suna tsokanar juna.

"Alhaji Bula, kana da baƙo," in ji Mutumin Bogoro. Yaya kuwa bai taɓa zuwa Makka ba.

"Sarkin Sanyi, ka ba shi masauki mai kyau?"

"Wuta ta ɗauke tun jiya. In kana son ka same shi da mutuncinsa, bar wannan gugar."

Yaya zai ajiye dutsen, ya ce wa na ƙasa da shi su ƙarasa.

Haka aka yi ta yi shekaru, ba takarda, ba izini, ba hani. Sai aka wayi gari gwamnati ta ce wanki da shara da gadi ba aikinta ba ne, za ta ba kamfani kwangila. Aka aiko wa kowane shugaban sashe ya rubuto duk abin da sashensa ke yi daga safe har tashi, domin da wannan za a tsara takardar kwangilar, kamfani ya san abin da ya ɗauka.

Yaya ba ya rubutun boko, ajaminsa ma ya yi tsatsa. Wurina ya zo da hantsi, na ɗauko alƙalami da tawada, a kan babban ɗansa, wanda ke aiki a sakatariya, zai juya shi zuwa Turanci. Ya riƙa faɗa ina rubutawa: karɓo zannuwa daga ɗakunan majinyata, ware masu jini daga marasa jini, jiƙo, dafawa, cuɗa, ɗauraya, shanya, guga, mayarwa. Har wankin labule sau biyu a shekara bai manta ba. Da ya kai ƙarshe na ce, "Sai likkafanin baƙi."

Ya ce, "Kar ka sa."

"Ai cewa aka yi duk abin da kuke yi, Yaya."

"Abin da muke yi wa gwamnati aka ce. Wannan ba ita nake yi wa ba. Kana so in kai shi ofis a karanta, a ce wane mutumin kirki ne? Malam, kai da ka yi karatu ka fi ni sanin abin da ke cinye lada."

Na sani. Kuma na ji daɗin maganar, har na ji ƙwalla ta taru mini. Na busa tawada ta bushe, na miƙa masa takardar. Da na yi masa musu ko na minti biyar ne, da wataƙila wannan rubutun nawa na yau yabo ne zalla.

Kamfani ya karɓi aiki. Ya ɗauki masu sauran ƙarfi a kan sabon sharaɗi, tsofaffi aka ce su je su huta, Yaya a cikinsu. Aka daina wanki a asibitin ma gaba ɗaya. Mota ke zuwa da safe ta kwashi zannuwa ta kai wani wuri da ke da manyan injuna, ta dawo da su da yamma. Zanin da ya tsufa na kamfani ne, shi ya san inda yake kai shi. Masu gadin ƙofa su ma sababbi ne, ba su san Yaya ba. Ranar farko da Mutumin Bogoro ya buga masa waya ya ce akwai baƙo, Yaya ya ɗauki ɗan abin da ya rage masa na zannuwa ya tafi. Aka tsayar da shi a ƙofa aka ce ya nuna katin ma'aikaci. Da ya samu ya shiga ta ƙofar masu dubiya, sai ya tarar da abin da ya fi wannan. Doka ta ce ba mai taɓa gawa sai dangi, ko ma'aikacin da ke bakin aiki. A da shi ma'aikaci ne, ba wanda ya tsaya tambayar ko wane sashe. Yanzu ba shi ba ne, ba kuma dangi ba ne. Mutumin Bogoro ya ce, "Alhaji, sabon shugaba yana duba komai. In na buɗe maka, ni za a kora."

A watannin nan motar duba-gari ta zo sau biyu. Mutumin Bogoro bai gaya masa ko mutum nawa ta ɗauka ba, shi kuma bai tambaya ba.

Al'adarmu ce duk Juma'a bayan an sauko masallaci mu ci abinci tare a zauren Yaya. A nan Auta da babban ɗan Yaya suka mai da zancen kwangila abin musu, mako bayan mako. Auta mutumin kasuwa ne tun yana ƙarami, bai yarda da hannun gwamnati a kan komai ba.

"Ku faɗi gaskiya," in ji shi. "Lokacin da gwamnati ke wankin nan, sabulun da aka saya duk yana isowa? Injin da aka kawo, shekara nawa ya yi a kwance ana jiran a sa hannu a sayo ƙarfe ɗaya? Yanzu in kamfani bai wanke ba, a ƙwace a ba wani. Shi ya sa yake wankewa."

"Baffa, ka tambayi waɗanda suke wankewar," in ji ɗan. "Ba fansho, ba hutu, in mutum ya kwanta ciwo kwana uku ya dawo ya tarar da wani a wurinsa. Ni ban ce kar a ba kamfani ba. Cewa na yi a kafa masa doka, a sa masu duba shi."

"Masu duba shi! Wato ku. A ƙara teburi, a ƙara mai zama a kansa, shi ma a san yadda za a gaishe shi. Ɗana, duk ranar da gwamnati ta ƙayyade farashin abu, ranar yake ɓacewa daga kasuwa. Tun ba a haife ka ba nake gani."

"Kuma duk ranar da ta janye hannu, ku ke ninka shi."

"Ji mara kunya! Da kuɗin ninkin aka biya maka makaranta."

Sai a yi dariya, a ci gaba da ci. Yaya ba ya sa baki. Sau ɗaya ɗansa ya matsa masa, yana tsammanin zai goyi bayansa. Yaya ya ce ya je dubiya, ya kai zanin gadon hanci, kuma tsakani da Allah ya fi nasu fita. Ɗan ya ji haushi. Auta ya yi ta murna. Yaya ya ƙara da cewa, "Abin da aka rubuta musu suna yinsa da kyau." Ni kaɗai na ji sauran maganar.

Auta da ɗan ba su san komai game da baƙin ba. Matar Yaya ce ta gaji da ganinsa yana ramewa, wata Juma'a ta tsaya daga bayan labulen zaure ta faɗa musu duka, tun daga akwatin zannuwa har takardar da na rubuta. Yaya ya ce, "Wa ya aike ki?" Ta ce, "Ba kowa. Ni ma na gaji."

Na zaci Auta zai yi kuka. Sai ya ajiye cokali, fuskarsa ta canza.

"Wato an tambaye ka, Yaya? An ce ka faɗi aikinka, ka ƙi?"

"Ba na gwamnati ba ne."

"Na wa ne yanzu? Kamfani ba ya karanta zuciya, takarda yake karantawa. Da ka sa layi ɗaya, da an sa masa kuɗi, an ba wani. Ko don kuɗin zai yi. Mamaci ina ruwansa da niyyar mai wankansa?"

Na ce, "Auta, yi hankali, da wanka kake magana."

"Kai ma yi shiru, Malam, kai ka riƙe alƙalamin." Ya juya ga Yaya. "Ladanka ka tsare, Yaya. Ba su ka tsare ba. Kai ladanka yana nan cif, su kuma ana zuba su rami kamar buhuna."

 Yaya ya wanke hannu, ya tashi, ya shiga gida. Wannan karon bai ce a shanya ba. Wata huɗu Auta bai sake cin abinci a zauren ba. In sun haɗu a masallaci su gaisa, kowa ya nemi takalminsa. Na je na ce wa Yaya ya yafe masa, ƙuruciya ce, ko da yake Auta a lokacin ya haura hamsin. Ya ce, "Me zan yafe? Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na kasa kallonsa."

Daga nan Yaya ya shiga yawon ofis, ni ina biye da shi. Abin da ya ɓoye shekara talatin, yanzu shi ne yake faɗa wa duk wanda ke bayan teburi, kuma na ga yadda kowace faɗa take yi masa ciwo. A ofishin asibiti aka ce wanki ya bar hannunsu, mu je kamfani. Manajan kamfanin mutum ne mai ladabi, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce, "Baba, wallahi abin ya taɓa ni. Amma ni wanki aka ba ni. In na ƙara layi ɗaya, sai an sake kwangilar daga farko. Tsofaffin zannuwan ma ba ni da ikon bayarwa, akwai wanda ke saye." A ma'aikatar lafiya aka ce mu rubuto. Muka rubuto. Aka ce an miƙa wa kwamiti. Ɗan Yaya ya bi takardar wata da watanni, har ya daina kawo zancen masu duba kamfani a zaure.

Wani tsohon akawu ne ya ji tausayinmu, ya nuna mana ƙofar da ta rage. Ya ce wanda ba dangi ba yana iya karɓar gawa don Allah, in ya kawo takardar mai unguwa, da ta caji ofis cewa an nemi dangi ba a samu ba, da sa hannun babban likita. Kowace gawa da nata takardun. Abin da a da yake ɗaukar Yaya tsakanin La'asar da Magariba, ya koma kwana huɗu, wani lokaci mako.

Haka ya ƙare shekarunsa. Mutumin Bogoro zai bugo waya, Yaya ya sa hula, ya hau acaɓa yana ɗan shekara saba'in da wani abu. Ya zauna a benci a caji ofis har a ce wanda zai sa hannu ya fita, ya dawo gobe. Wani baƙon ya cim masa, wani mota ta riga shi. In ta riga shi, sai ya dawo ya zauna a zaure ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na taɓa ce masa ya yi iyakarsa, Allah Ya gani. Ya ce, "Na sani, Malam. Ƙafafuna ne dai ba su da labari."

Zannuwan akwati sun daɗe da ƙarewa. Wata rana ya dawo ya tarar da turmin farin yadi a ɗakin matarsa. Ta ce wani bawan Allah ne ya aiko, ya ce kar a faɗi sunansa. Yaya ya kai yadin hanci.

"Wannan bawan Allah a Wunti yake," in ji shi. "Rumfarsa na kusa da masu turare." Ya ajiye yadin, sannan ya ce, "Shi ma ashe ya iya ɓoyewa. Ce masa tuwon Juma'a yana yi mana yawa."

Auta ya dawo zaure. Ba su taɓa tada waccan maganar ba. Musun kasuwa da gwamnati ya ci gaba, amma ya rage zafi, kamar Auta da ɗan Yaya sun gane kowa cikinsu an ba shi abin da ya roƙa: kamfani yana nan, doka tana nan, ga kuma tsoho yana yawo a rana tsakaninsu. Duk lokacin da turmi ya kusa ƙarewa, wani yana zuwa.

Kwana biyar bayan rasuwarsa, an naɗe tabarmi, Mutumin Bogoro ya zo da hantsi. Ya ce ya je gida ne, sai jiya ya ji. Ya durƙusa a ƙofar zaure ya yi wa matar Yaya gaisuwa, ya kasa ƙarasawa. Ban taɓa ganinsa ba ya dariya ba sai ranar. Da ya natsu ya ce yana jin kunyar abin da zai faɗa. Akwai wani dattijo da aka tsinta a hanyar Miri, da tabo a goshi. Yaya ya fara masa takardu kafin ya kwanta, saura hannun likita. Mota za ta zo ran Litinin.

Matar Yaya ta shiga ɗaki ta fito da takardun. A aljihun rigar da ya sa ta ƙarshe ta same su, ta ajiye ba ta san na mene ne ba. Ta miƙa su tsakanina da Auta, ba ta zaɓi kowa ba.

Na ce, "Gwiwoyina ba sa hawa acaɓa."

Auta ya ce, "Ni kuma ban taɓa yi wa gawa wanka ba."

"To ai shi ke nan," in ji ta. "Kai kana da mota, shi ya san wanka."

Kwana biyu muka yi kafin mu samu hannun likita. Auta, wanda ba ya iya jiran canji a rumfarsa, ya zauna a benci tun safe har Azahar. Ran Lahadi da yamma muka shiga. Ni na yi wankan, shi yana zuba ruwa. Ya yanka yadin da kansa, bai auna ba, idonsa ya isa. Mu biyu da ɗan Yaya da direba da wani mai sayar da rake a bakin maƙabarta muka yi wa dattijon sallah. Kabarinsa bai fi taku ashirin daga na Yaya ba.

A hanyar dawowa Mutumin Bogoro ya gaya mana sauran labarin. Ƙarshen wata shi ma zai ajiye aiki. Ɗakin gawar an ba kamfani. An ce shi ma ya rubuto abin da yake yi, kuma ya sa har da duba goshi da buga waya, amma da takardar ta dawo bai ga layin ba.

Farkon wata Auta ya ɗauke ni muka je muka sami wanda ya gaje shi, wani magidanci mai rigar kamfani. Auta ya yi masa bayani tun daga farko, a tsaye. Mutumin ya saurara, ya ce shi dai ba a sa masa wannan cikin aikinsa ba, kuma ba ya son abin da zai taɓa masa abincin iyali.

"Ba mu ce ka buɗe mana ƙofa ba," in ji Auta. "Waya kawai. Takardu namu ne, yadi namu ne. Katin wayar ma ni zan sa maka."

Mutumin ya ciro wayarsa, ya ce a faɗi lambar. Ya rubuta. Bai ce zai kira ba, bai ce ba zai kira ba.

Yau wata uku ke nan. Auta ya daina kashe wayarsa ko a masallaci, sai dai ya rage mata murya. In mun haɗu ba ma tambayar juna, kallo ya isa. Ko ba a sami baƙo ba ne tun lokacin, ko ana samu, ba mu sani ba, kuma mai gadi ba zai gaya mana ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwansa da ruwa ya cinye. Ka yafe masa shirun da ya yi, Ka yafe mini alƙalamin da na ɗage. Waɗanda ya suturta bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka sa su su gane shi.